Yadda Za A Kori Warin Sabon Kafet Daga Ofis

Ana shimfiɗa sabon kafet a ofis, washegari sai ma'aikata su fara kukan ciwon kai, raɗaɗin ido da ƙaiƙayin maƙogwaro. Mai asma kuwa a ƙirji yake fara jinsa. Ku juya kafet ɗin ku duba bayansa. Robar nan da ta riƙe zaren ita ce ke fitar da wani sinadari mai suna 4-PCH, wanda hanci ke kamawa komai ƙanƙantarsa. Sau da yawa ma gam ɗin da aka manna kafet ɗin da shi ya fi shi fitar da tururin sinadarai. A 1988 irin wannan ta faru a hedikwatar hukumar kare muhalli ta Amurka da ke Washington, ma'aikata suka yi ta rashin lafiya har daga baya aka cire kafet ɗin.

Tun a wurin saye ake fara gyara. A nemi kafet da gam masu shaidar Green Label Plus, wato alamar cewa ba sa fitar da tururin sinadarai da yawa, ko kafet mai gunduwa-gunduwa da ba ya cin gam da yawa. A ce wa dillali ya warware shi a sito mai iska, busasshe, na kwana biyu ko uku kafin a kawo. Wanda aka ciro daga leda aka shimfiɗa nan take, ofis ne zai sha warinsa duka.

Ranar shimfiɗawa ta kasance Juma'a da yamma, ko farkon dogon hutu. A fitar da fayiloli, labule da kujerun soso, domin takarda da soso suna shan warin su riƙa sakinsa a hankali har makonni. Daga nan a buɗe tagogi na ɓangarori biyu, a kafa fanka a bakin taga ɗaya tana hura iska waje, a bar ta awa 48 zuwa 72 dare da rana. Fankar sama juya iskar ɗaki kawai take yi. Haka ma na'urar sanyaya ɗaki ta jikin bango, ba ta shigo da sabuwar iska, don haka rufe ƙofa a kunna ta tare warin ne a ciki. Zafi na sa sinadaran saurin fita, shi ya sa aikin bazara ya fi na sanyi saurin washewa, in dai tagogi a buɗe suke.

Turaren wuta da na fesawa rufe warin suke yi, su ƙara wa mai asma hayaƙi. Injin kashe wari da ke fitar da wata iska mai suna ozon ya fi su muni, don iskar tana haɗuwa da sinadaran kafet ta haifar da wasu masu cin ido. Idan za a sayi matatar iska, a tabbata tana da gawayin tacewa a ciki, don matatar ƙura ba ta kama wari. Kada kuma a wanke sabon kafet da ruwa da sabulu, injin zuƙe ƙura ya isa.

Warin da ya wuce wata guda, musamman da damina, a zargi daɓen. Simintin da bai bushe ba yana ɓata gam da robar kafet, su yi ta fitar da wari ba ƙarshe. Gwajinsa ba wuya, kuma kafin shimfiɗawa ya kamata a yi shi: a yanki leda mai kauri, santimita 45 kowane gefe, a manne gefunanta huɗu a daɓe da salatif, a bar ta aƙalla awa 16. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a ƙarƙashinta ko simintin ya yi duhu, a dakata da aikin.

Ma'aikacin da ke samun sauƙi in ya koma gida, ciwon ya dawo in ya shigo ofis, a sauya masa ɗaki har warin ya lafa. Mai numfashi da ƙyar ko shesshekar ƙirji kuwa, a kai shi asibiti a ranar.