Evim, okulum, arabam: tambayoyin masu fara koyon Turkanci

Wai ya ake cewa "gidana" da Turkanci?

Evim. Ev shi ne gida, -im kuma shi ne "na" ɗin. Ka ga ai abin da bakinka ya saba yi ne tun kana yaro, mu ma a ƙeyar kalma muke liƙa mai abu, gidana gidanka gidanmu, su kuma su ce evim, evin, evimiz, naku eviniz, nasu evleri. Shi ya sa nake roƙon ɗalibai don Allah kar su bi ta Turanci a wannan darasin, ta Hausa ya fi saurin zama a kai. A wani wajen ma sun fi mu sauƙi don ba ruwansu da namiji da mace, gidansa da gidanta duk evi ne.

To me ya kawo okulum da gözüm, ina -im ɗin ya tafi?

Nan fa aikin yake. Wasalin ƙarshe na kalmar shi ke jan ɗafin duk inda ya so. In e ko i ne sai -im, in a ne ko ı ɗin nan mara ɗigo sai -ım, kızım 'yata, o da u su ba ka -um, okulum makarantata, ö da ü kuma -üm, gözüm idona. In kalmar da wasali ta ƙare to m kawai za ka ƙara, araba mota, arabam motata, amma motarsa sai s ta shiga tsakani a ce arabası. Hocam ɗin da za ka ji ɗalibai suna ta kiran malami da shi a Istanbul, malamina kenan. A kula da kitap, littafina kitabım ne, p ta koma b.

Jimla fa?

Aikatau a ƙarshe yake zuwa. Kardeşim çay içiyor, ƙanena shayi yana sha, haka suke jera ta.

Ya zan ce ina da abu?

Da var da yok, wato akwai da babu. Arabam var, motata akwai, ma'ana ina da mota. Param yok, kuɗina babu. Ka lura fa ɗafin nan ne ke nuna mai abin, in ka manta m ɗin ka ce para yok to cewa kawai ka yi babu kuɗi, ba ka ce kai ne ba ka da su ba.