Jan layi a harkar gidaje a Amurka

Jan layi, wanda 'yan Amurka ke ce wa redlining, wata hanya ce da hukumomin gwamnati da bankuna suka bi wajen hana wasu unguwanni bashin sayen gida, galibi unguwannin baƙaƙen fata. Abin ya faro ne a shekarun 1930 lokacin da tattalin arziki ya durƙushe mutane na ta rasa gidajensu. A 1933 gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar HOLC mai ba masu gidaje bashi don kada su rasa gidajensu, ita kuma ta zana taswirar garuruwa sama da 200, ta kasa unguwanni kala huɗu, kore da shuɗi da ruwan ɗorawa sai ja. Ja na nufin kar ka kai kuɗinka wurin. Kuma kusan duk inda baƙaƙe ke zaune ja aka shafa masa, ko da kuwa gidajen lafiya lau suke.

Wadda ta fi yin ɓarna ma ita ce hukumar gidaje ta tarayya, wato FHA, da aka kafa a 1934, don ita ce ke tsaya wa mutum a banki, in ta ce a'a to da wuya banki ya kalle ka. A Detroit a 1941 wani mai gina rukunin gidaje ya so gina wa Turawa gidaje kusa da unguwar baƙaƙe ta wajen titin Eight Mile, hukumar ta ƙi tsaya masa, sai da ya gina katangar siminti mai tsayin ƙafa 6 da tsawon kusan rabin mil tsakanin unguwannin biyu sannan fa aka amince. Katangar na nan har yau, an yi mata zane-zane.

To a Amurka gida shi ne jarin talaka, shi uba ke bar wa 'ya'yansa, da shi ake jingina a ci bashin karatu. Wanda aka hana shi saye a lokacin ya ci gaba da biyan haya, jikokinsa kuma suka tashi ba gado. Ga kuma makarantun gwamnati, kaso mai tsoka na kuɗinsu daga harajin gidajen yankin yake fitowa, unguwar da gidajenta ba su da daraja makarantarta ma haka take.

Sai a 1968 aka yi dokar haramta wariya a harkar gidaje, shugaba Lyndon Johnson ya sa mata hannu mako ɗaya bayan an kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Waɗanda aka hana saye tun farko dai dokar ba ta ba su komai ba.