Baƙin tabo a farin ido: yadda likitoci ke gane cutar kansa

Shin duk duhun da ake gani a farin ido alamar cuta ce?

A'a. Da yawa daga cikinmu baƙaƙen fata muna da launin ƙasa-ƙasa a kewayen baƙin ido, wanda yake a shimfiɗe kuma a idanu biyu, kuma wannan halitta ce. Tabon da ke tayar da hankali shi ne wanda ya fito a ido ɗaya, ya yi tudu, yana ƙara faɗi wata bayan wata, jajayen jijiyoyin jini suna nufarsa ta kowane gefe. Sau da yawa ba ya ciwo, shi ya sa mutane suke sakaci da shi.

Wace irin kansa ce ke fitowa a wurin?

Akwai melanoma, wadda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma ba ta da yawa a cikinmu. Wadda aka fi gani a Afirka ita ce kansar fatar saman ido, mai alaƙa da zafin rana da kuma cutar sida (ƙanjamau), kuma a idon baƙar fata takan yi duhu har ta yi kama da melanoma. Saboda haka idan likita ya nemi gwajin sida, bai kamata a ɗauke shi zargi ba.

Me likitan ido zai yi?

A sashen ido na Babban Asibitin Yamai, majinyaci zai ɗora haɓarsa a kan na'ura mai fitila da madubin ƙara girma. Likita zai juya fatar ido ta sama da ta ƙasa, domin tabon yakan ɓuya a can ciki, ya auna shi, ya ɗauki hoto don kwatantawa nan gaba, sannan ya taɓa gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi ko akwai kaluluwa.

Dubawa kaɗai ta isa?

Ba ta isa ba. Tabbaci yana zuwa ne bayan an cire tsiron an duba shi a ɗakin gwaji. Idan ƙarami ne, ana cire shi ɗungurungum tare da ɗan lafiyayyen nama a kewayensa, ba tare da an taɓa shi kansa ba, don kada ƙwayoyinsa su bazu. Melanomar da kaurinta ya haura milimita 2 ta fi saurin yaɗuwa zuwa sauran jiki. Wannan ne ya sa nake roƙon kada a bar wanzami ya kankare irin wannan tabo, kuma kada mutumin Tawa ya ce sai bayan girbi zai nemi likitan ido.