Ma'anar FPS: haruffa ukun da ake ji a shagunan wasan Play na Maradi

Duk mai zama a fadar samari a Maradi, ko mai leƙa shagunan da yara ke buga Play a cikin unguwanni, daga Zariya har Bagalam, ya taɓa jin haruffan nan uku: FPS. Ƴan lakwal suna cewa "ef-pe-es", waɗanda suka saba kai-kawo Katsina kuma su ce "ef-pi-es". Wani zai ce shi ba ruwansa da ƙwallo, FPS kawai yake bugawa. Can kuma ka ji wani yana ƙorafin cewa telebijin ɗin shagon ba ta ba da FPS mai kyau. Maganganun nan biyu ba abu ɗaya suke nufi ba. Haruffan ma'ana biyu gare su, kuma duka biyun sun cancanci a sani, ga mai riƙe da manat da kuma uban da ke ba da ƴan dalolin wasan.

Ma'ana ta farko, wadda ta fi yaɗuwa, sunan wani rukunin wasanni ce. A Turancin Ingilishi ana cewa first-person shooter, wato wasan harbi da ake yi ta idon mai harbin. Wanda ya yi nahawu zai tuna da ni, kai, shi. To wannan wasan "ni" ne. Ba ka ganin jikin jarumin a allo, ba ka ganin fuskarsa ko bayansa. Abin da ke gabanka hannuwa biyu ne da bakin bindiga a ƙasan allo, da ɗan alama a tsakiya inda harsashi zai faɗa. In ka juya sandar manat, duniyar gaba ɗaya ce ke juyawa, kamar ka waiwaya da wuyanka. Abin da ke bayanka ba ka ganinsa sai ka juyo. Call of Duty, Battlefield, Halo, Far Cry, da Black na zamanin PlayStation 2 wanda ya fito a 2006, duk ƴan gidan nan ne.

Saboda haka ba kowane wasan da ke da bindiga ne FPS ba, kuma nan ne mutane da yawa ke haɗa su. A GTA San Andreas na 2004 kana ganin mutumin da kake tuƙawa daga bayansa, yana gudu, yana hawa mota. Haka Fortnite, haka Free Fire da yara ke bugawa a waya. Waɗannan wasannin "shi" ne, ana ce musu TPS, ido yana bayan kafaɗar jarumi. Masu buga PUBG sun riga sun san bambancin ko ba su san sunansa ba, domin wasan yana ba su zaɓi tsakanin TPP, kallo daga baya, da FPP, kallo ta ido. Kamfanin Rockstar ma ya ƙara wa GTA V damar kallo ta idon jarumi a 2014, lokacin da wasan ya koma PlayStation 4. A ɗaya ɓangaren kuma, Minecraft ta ido ake kallonsa, amma gini da haƙa ne aikinsa, don haka ba a sa shi a rukunin. Sai abu biyun sun haɗu, kallo ta ido da harbi a matsayin ginshiƙin wasa, sannan a ce FPS.

Wurin da aka ajiye ido shi ne komai a wannan harka. Mai kallo daga baya yana iya laɓewa a jikin bango ya hango abokin gaba ba tare da ya fito da kai ba. Mai kallo ta ido ba shi da wannan gata, dole ya leƙa, kuma in ya leƙa ana iya samunsa. Shi ya sa kunne ke aiki sosai a FPS: takun ƙafa daga hagu, ƙarar canja harsashi a bayan ƙofa. Shi ya sa kuma za ka ga yaro yana karkata jikinsa a kan benci yana sunkuyar da kai, alhali abin a gilashi yake. Ƙwaƙwalwa ta karɓi wurin a matsayin nata. Wasu ma jiri ke ɗibarsu, har da tashin zuciya, saboda ido yana shaida cewa ana gudu ana juyi, kunnen ciki mai kula da daidaiton jiki kuwa yana shaida cewa a zaune ake. Irin abin da ke samun wasu in suna karatu a cikin mota a hanyar Dakoro ne. Mai fama da haka ya ja baya daga allon, ya kunna fitilar ɗaki, in wasan ya ba da dama ya faɗaɗa filin gani a cikin saituna.

A kwamfuta aka haifi rukunin. Wani ƙaramin kamfani na jihar Texas a Amurka, id Software, ya fitar da Wolfenstein 3D a 1992, sannan Doom a 1993, wanda ya yi tashen da har aka ɗauki shekaru ana kiran duk wasan da ya yi kama da shi ɗan kwaikwayon Doom. Matsalar kawo shi na'urar gida ita ce saiti. Da linzamin kwamfuta hannu na kai alama inda ake so cikin ƙiftawar ido, da maɓallan manat na da kuwa abin wahala ne. GoldenEye 007 na kamfanin Rare, a kan Nintendo 64 a 1997, shi ya nuna cewa abin zai yiwu, kuma shi ya shahara da raba allo gida huɗu, mutum huɗu a telebijin ɗaya. A shekarar ce kuma Sony ta fito da manat ɗin DualShock mai sanduna biyu a Japan. Medal of Honor ya zo PlayStation a 1999. Amma Halo na kamfanin Bungie, wanda ya fito tare da Xbox ta farko a 2001, shi ya zaunar da tsarin da kowa ke bi yau: babban yatsan hagu na tafiya, na dama na kallo, manuniya na jan kunama. Call of Duty ya fara a 2003 da yaƙin duniya na biyu, ya koma yaƙin zamani a 2007 da Modern Warfare, daga nan ya zama gagarabadau. Girman kasuwar ya fito fili a 2023, da Microsoft ta kammala sayen Activision Blizzard, mai Call of Duty, a kan kusan dalar Amurka biliyan 69.

Akwai wani sirri da yawancin masu manat ba sa lura da shi. Wasan yana taimaka musu a ɓoye. Idan alama ta zo kan abokin gaba, sai tafiyarta ta ɗan yi nauyi don kada ta wuce, wani lokaci ma ta ɗan bi shi in ya motsa. Tallafin saiti ke nan, kuma ba maguɗi ba ne, da gangan aka gina shi don cike giɓin da ke tsakanin yatsa da linzami. Tun da Modern Warfare na 2019 ya haɗa masu PlayStation da Xbox da kwamfuta a fili ɗaya, gardama a kan wannan tallafi ba ta mutu ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma shi ya sa nake ganin iyaye su ma su san kalmar. A jikin kwalin kowane wasa na asali da ya fito daga Turai akwai lamba cikin ɗan akwati: 3 da 7 kore, 12 da 16 ruwan lemo, 18 ja. Tsarin PEGI ke nan, wanda ya fara aiki a 2003. Na Amurka, ESRB, tun 1994 yake, harafin M a wurinsu na nufin shekara 17 zuwa sama. Call of Duty na zamanin nan 18 ne. GTA V ma 18 ne. Fortnite 12 ne, Minecraft 7. To amma wa ke ganin kwali a nan? Mafi yawan na'urorin da ke shagunanmu na hannu ne, an zuba musu wasanni a ciki tun daga wurin mai sayarwa, babu faifai balle kwali. Gargaɗin da masu wasan da kansu suka rubuta ya ɓace a hanya. Sai ka tarar da yaro ɗan shekara tara, da allon makarantarsa jingine a bango, yana buga abin da a ƙasar da aka ƙera shi an rubuta cewa na manya ne. In ka yi magana ya ce, "Kawu, ai wasa ne kawai."

Ba na cikin masu cewa wasan harbi na mai da yaro ɗan bindiga. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ta bayyana a 2020 cewa babu isasshiyar hujjar da ke danganta waɗannan wasanni da aikata ta'asa, ko da yake ta ce akwai ƴar alaƙa da zafin rai irin na tsawa da ture-ture. Ni kaina ina ganin gwanintar da ke cikinsu: saurin ido, haɗin kai tsakanin abokai, karanta taswira, sanin lokacin ja da baya. Saurayi ɗan shekara ashirin da ya gama aikinsa ya zauna ya yi awa guda da abokansa bai yi laifin komai ba. Amma mu a jihar nan ƙarar bindiga ba labarin nesa ba ce. Akwai iyalai a cikin garin nan da suka baro ƙauyukan yankin Madarunfa da Gidan Runji saboda ƴan bindiga, akwai yaran da suka ji abin da kunnensu cikin dare. Wasan da ke sa ƙaramin yaro a bayan kunama, ta idonsa, da jini a allo, ba abin da za a bar wa sa'a ba ne a irin wannan wuri. Mai shago da ya ware wa ƙanana ƙwallo da tseren mota, ya bar na harbi sai manya, ya yi abin kirki ko da ya rage masa ciniki. Wanda ke da na'ura a gida kuma, PlayStation 4 da 5 da Xbox duk suna da wurin kulle wasanni bisa shekaru da ƙayyade lokacin wasa. Batun lokacin ma ba ƙarami ba ne, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtukanta, ga wanda wasa ya danne masa karatu da barci da sauran lamuran rayuwa na tsawon lokaci.

Ma'ana ta biyu ta fasaha ce, frames per second, wato adadin hotunan da na'ura ke zanawa a daƙiƙa ɗaya. Motsin da muke gani a allo hotuna ne tsayayyu da ke bin juna da sauri. Fim na sinima hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa. Wasanni da yawa na zamanin PlayStation 3 da 4 a kan 30 suke tafiya, Call of Duty kuwa ya daɗe da riƙe 60, kuma wannan na cikin dalilan da ya sa hannu ke jin daɗinsa. PlayStation 5, da ta fito a Nuwamban 2020, tana kai 120 a wasu wasanni. Lissafin mai sauƙi ne. A 30, kowane hoto na zama kusan kashi 33 cikin dubu na daƙiƙa kafin na gaba ya zo. A 60 ya koma kusan 17, a 120 kusan 8. A wasan ƙwallo ba lallai ka damu ba. A wasan da wanda ya riga ganin ɗan'uwansa shi ke rayuwa, wannan ɗan taƙin ya isa ya raba nasara da faɗuwa. Ka ga inda ma'anonin biyu suka haɗu: masu FPS na farko su suka fi kowa damuwa da FPS na biyu.

Sai dai na'ura ba ta isa ita kaɗai ba. Telebijin ma tana da iyakarta, kuma galibin waɗanda ke kasuwa sau 60 suke sabunta hoto a daƙiƙa. Wanda ya zuba jakunkuna ya sayi PlayStation 5 ya jona ta da irin wannan ba zai ga 120 ba har abada. Abin da zai fi yi masa amfani shi ne ya shiga saitunan telebijin ya kunna yanayin wasa, wanda ke kashe gyare-gyaren hoto da ke jinkirta abin da yatsa ya danna, sannan a cikin wasan ya zaɓi sauri a kan ƙawa. Zafi da ƙura ma suna da hannu. A watan Afrilu na Maradi, na'urar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka za ta yi ta kuka, wani lokaci ta yi gargaɗin zafi ta mutu ana tsakiyar wasa. A ɗaga ta daga ƙasa, a ba ta iska, a riƙa share ramukanta.

Abu na ƙarshe da ake yawan ɗora wa FPS alhali ba laifinsa ba ne shi ne jinkirin intanet, wanda ƴan wasa ke kira ping. A wasa irin Warzone, da ya fito kyauta a Maris ɗin 2020 da mutum har 150 a fili guda, duk harbin da ka yi sai saƙonsa ya je wata babbar kwamfuta a wata ƙasa ya dawo. Nijar ba ta da teku, wayoyin intanet ɗinta sai sun ratsa maƙwabta kafin su kai ga na ƙarƙashin ruwa, don haka tafiyar na da tsawo. Shi ya sa za ka harbi mutum ka ga bai faɗi ba, ko ka shige bayan bango sannan a ce an kashe ka. Hanyar rarrabewa ita ce ka buga labarin wasan kai kaɗai, ko ku raba allo da abokinka ba tare da intanet ba. In hoton na sarƙewa a nan ma, matsalar na'ura ce ko telebijin. In kuwa lafiya lau yake tafiya sai an shiga fili da mutanen waje, to rezo ne, kuma jona na'urar da waya kai tsaye maimakon wifi yakan rage abin.