Jariri da gidan marayu: amsoshin abin da kuke ta tambayata

Tun da na fara bibiyar yaran riƙo a zangon Kumasi, daga Aboabo har Asawase, tambayoyin ba su canza ba. A gidan suna a tare ni, a kasuwar Kejetia a tare ni. Bakina ya gaji, ga su a rubuce.

Ba gara gidan marayu ba, tunda akwai abinci da katifa?

Ga jariri, a'a. Abin da yake nema mutum ɗaya ne, wanda in ya yi kuka zai zo, yau shi gobe shi. Da haka yake shaƙuwa, da haka ƙwaƙwalwarsa ke koyon cewa akwai mai ji. A gidan marayu mai renon safe daban, ta dare daban, wata mai zuwa an kawo sabuwa.

Kenan ma'aikatan ba su da imani?

Kada ku ɗauki alhakinsu. Hannu biyu ne, jarirai cike da ɗaki.

Yaran nan ai fara'a gare su, muna shiga suke rungume mu. Ina matsalar?

Wannan maganar ce ta fi ƙona min rai. Na taɓa shiga wani gida, wata 'yar shekara biyu ta riƙe bakin mayafina tana cewa Mama. Ban gama zama ba mai kawo burodi ya shigo, ta sake ni ta maƙale a ƙafarsa, ya fita ko waiwaye ba ta yi ba. Hajiya, ɗan cikinki zai yi haka? Wajen wata takwas yaro ke fara ƙiwa, kuma ƙiwa alamar lafiya ce, ya san nasa ke nan. Wanda ke bin kowa bai samu nasa ba. Ku kuma ku ɗauke shi, ku yi hoto, la'asar na yi ku tafi ku bar shi.

Ina hujja?

Romaniya. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a 1989 duniya ta ga gidajen marayun ƙasar. A 2000 masu bincike daga Amurka suka fara bin yara 136 a Bukares, rabi aka ba iyalai riƙo, rabi suka ci gaba da zama a gidan marayu. Waɗanda aka ba riƙo sun fi shaƙuwa da fahimta, musamman waɗanda suka fita kafin wata 24. A Ingila, binciken da Michael Rutter ya jagoranta ya nuna yaran Romaniya da aka ɗauka kafin wata 6 galibi sun kamo tsaransu, amma da yawa cikin waɗanda suka wuce haka sun girma da ƙarancin natsuwa da wahalar hulɗa. Shi ya sa ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 suka ce ɗan ƙasa da shekara 3 a cikin iyali ya kamata a rene shi.

Mu daina kai sadaka?

Ban ce ba. Amma ku sani mafi yawan yaran suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. Buhun shinkafar azumin nan, da an kai wa kakar yaro a unguwar Sawaba, da yana goye a bayanta.

Mun ɗauko ɗan shekara uku da rabi. Yana ɓoye abinci, yana bin baƙi, in ya faɗi ba ya kuka. Maigida ya ce a kai shi wurin Inna a Bawku ya yi hankali. Mu kai shi?

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ke kika ɓata shi ba, kuma ba aljanu ba ne. A ganina kada ku kai shi, don kowane canjin hannu sabon ciwo ne. Sai dai fa in Innar ce za ta riƙe shi har girmansa, kuma tana da ƙarfi da lokacin da ke ba ki da shi. To nan sai a duba. Na wata uku a dawo da shi kam, a'a.

Ɓoye abinci, bar shi. Ki ware masa ɗan kwano da ƙosai ko biskit inda hannunsa ke kaiwa, ki ce nasa ne. Yawanci yana raguwa in ya tabbatar gobe ma akwai koko, wani a makonni, wani sai an shekara. In ya faɗi ki ɗauke shi ko bai yi kuka ba. Ya daina kuka ne don a da ba mai zuwa. Wanka, ciyarwa da kwanciya su zama ke ce ko maigida na 'yan watanni. Na san a gidan haya na zango wannan da wuya, maƙwabta za su ce kina rowar ɗa. Ki yi musu bayani da ladabi, su gaishe shi amma kada su ɗauke shi su fita. Duka kuwa, ko na wasa, baya yake mayar da aikin.

Kada kuma ki jingina komai ga rashin shaƙuwa. In ba ya magana, a gwada jinsa. In yana buga kai da bango, ko girmansa ya tsaya, ki kai shi wurin likitan yara, a Komfo Anokye ko asibitin da ya fi kusa. Wasu yaran na warwarewa sarai, wasu bin baƙin kan daɗe tare da su ko bayan sun shaƙu da ke, don haka ido a kansa a kasuwa da tasha. Ranar da ya fara kuka don kin fita, ki yi hamdala.

Ɗan shekara bakwai fa, an makara?

Ba a makara ba. Haƙurin ne zai ninku.

Dole sai da takardar hukuma kafin a ɗauki yaro riƙo?

Dole. Ku je ofishin Soshiyal Welfeya na yankinku. Dokar Yara ta Ghana ta 1998, da gyaranta na 2016, ta nan ta ce a bi. Sunan ubansa kuma ku bar masa, ku duba Suratul Ahzab, aya ta 5.