Mene ne "fulu", bututun da boilar gas ke numfashi da shi?

Duk wanda ya kama hayar gida a Birtaniya, ɗalibi ne ko ma'aikaciyar jinya, ba zai daɗe ba sai ya ji kalmar "fulu" a bakin injiniyan gas, ko ya ci karo da ita a takardar da mai gida ya miƙa masa. Fulu shi ne bututun da ke kwashe ƙonanniyar iska daga boila, wato tukunyar da ke cin gas tana dumama ruwan wanka da ɗakuna, ya fitar da ita waje. In ka zaga bayan gida za ka ga bakinsa ya leƙo ta bango, ko kuma ya huda rufi ya fito sama.

A boilolin zamani bututu biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Na ciki, wanda yawanci faɗinsa milimita 60 ne, shi ke fitar da hayaƙi. Na waje mai milimita 100 shi ke shigo da sabuwar iska daga waje don wuta ta ci, fanka kuma na cikin boilar tana tafiyar da su duka. Ke nan wutar ba ta taɓa iskar ɗakinka ko kaɗan, muddin bututun lafiyarsa ƙalau. Wasu tsofaffin boiloli ba haka suke ba: daga cikin ɗaki suke shan iska, shi ya sa ake bar musu kafa a bango. Wanda ya taso a ƙasar zafi, da sanyi ya fara shigowa ta wannan kafa hannunsa zai kai ga tsumma ko kwali. Kada ya kuskura.

Dalili kuwa shi ne, gas in ya sami wadatacciyar iska yana ƙonewa tas, harshen wutar shuɗi, abin da ke fita tururi ne da kabon dayoksaid. In iska ta gaza, ko hayaƙin ya rasa hanya ya komo ciki, sai a sami kabon monoksaid, wanda ba shi da launi, ba shi da wari. Yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa ninki sama da 200. Shi ne dai gubar da ke hallaka iyali a gidajenmu idan an kwana da janareta a cikin shago ko da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai mutum ya ɗauka mura ce. Abin lura shi ne in kowa a gidan na fama da ciwon kai lokaci guda, kuma da an fita waje sai a ji sauƙi.

Farin hayaƙin da ke tuɗaɗa daga bakin fulu da sanyin safiya, wanda ke tayar wa baƙi hankali, shi ne ma mafi ƙarancin abin tsoro. Tun watan Afrilun 2005 doka a Ingila da Wels ta tilasta cewa kusan duk sabuwar boilar gas da za a girka ta zama irin wadda ke tatse zafin hayaƙinta kafin ta sake shi. Hayaƙin na fita da ɗan ɗumi kawai, yana haɗuwa da sanyi sai ya zama hazo. Wani ɓangaren tururin kuma tun a ciki yake komawa ruwa mai ɗan tsami, shi ya sa ake karkata bututun kaɗan ta wajen boila don ruwan ya gangaro, ya bi wani siririn bututun roba zuwa magudana. Wannan siririn ne ke daskarewa. A tsananin sanyin ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2018 gidaje da yawa sun wayi gari boila ta tsaya cak, ba don ta lalace ba, ƙanƙara ce ta toshe shi. Ruwan ɗumi ake zuba masa ta waje, ba tafasasshe ba, kuma wannan kusan shi kaɗai ne gyaran da ɗan haya zai yi da hannunsa.

Sauran na injiniya ne, domin ɓarnar fulu ba ta cika nuna kanta ba. Robar da ke like mahaɗa tana bushewa ta tsage, maƙalar da ke riƙe dogon bututu ta saki, mahaɗa ta zame. Tsuntsu na iya yin sheƙa, ganye na iya rufe baki. Wani lokaci maƙwabci ko mai gida ne zai ƙara rumfa ta lulluɓe bakin, alhali ana so ya kasance a sarari, kuma a ƙalla santimita 30 daga tagar da ake buɗewa. Mafi muni shi ne bututun da aka bi da shi ta cikin silin a gidajen bene, ba mai ganinsa. Saboda haka aka ce a yanka ƙananan ƙofofin dubawa a silin ɗin, kuma daga farkon 2013 injiniyan da ya tarar babu su zai liƙa wa boilar alamar haɗari ya nemi izinin kashe ta. Baƙin kunkunniya a jikin boila ko bango, da wuta mai ruwan ɗorawa tana lilo, alamu ne, amma rashinsu ba shaidar lafiya ba ce. Injiniya sai ya zura na'urar awo a wata 'yar kafa da ke jikin bututun kafin ya san gaskiyar abin da ke fita.

Dokar gas ta 1998 ta ɗora wa mai gidan haya nauyin sa a duba boila da fulunta duk wata 12, ya ba ɗan haya kwafin takardar cikin kwana 28, sabon shiga kuwa tun kafin ya tare. Mai dubawar dole ya kasance a rajistar Gas Safe, wato rajistar injiniyoyin da doka ta yarda su yi aikin gas, wadda ta gaji tsohuwar rajistar CORGI a 2009, kuma yana ɗauke da kati mai hotonsa. Neman ganin katin ba rashin kunya ba ne, sun saba. Daga 1 ga Oktoba 2022 kuma, a Ingila wajibi ne mai gida ya sa ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boila take. A ganina ƙararrawar nan ta sa wasu masu gida sakaci, kamar ta ɗauke musu duban shekara, alhali sai gubar ta riga ta shigo take kuka. In ta yi kuka, a buɗe tagogi, a kashe boila, kowa ya fita, sannan a kira 0800 111 999, lambar gaggawa ta gas a Ingila da Wels da Sikotilan. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ya je asibiti ya faɗa musu abin da yake zargi, don gwajin jinin daban ne.