Rarraba kayan aiki a manhajar kula da kadarori

Rarraba kaya a manhajar kula da kadarori shi ne ajiye kowane abu da kamfani ya saya a rukunin da ya dace da shi. Rukunin ne ke gaya wa manhaja, ko Sage ce ko Odoo, yadda za ta lissafa darajar kayan.

Rukuni uku ne ginshiƙi. Kadarorin dindindin su ne waɗanda ake aiki da su fiye da shekara guda, kamar janareta, kwamfuta, babur ɗin kai saƙo da injinan masana'antun Kakuri a Kaduna. Kayan da ke ƙarewa, irin su takarda, tawadar firinta da man dizal, kuɗin kashewa ne. Haja kuma abin sayarwa ce. Firinta a shagon mai sayar da ita a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi haja ce, amma a ofishin da ya saye ta kadara ce. A cikin ƙa'idojin lissafin kuɗi na duniya da ake kira IAS, IAS 16 ke kula da kadarori, IAS 2 kuma haja.

Kowace kadara ana shigar mata da lambar masana'anta, ranar saye, farashi haɗe da kuɗin dako da na girkawa, wurin da take, da shekarun da za ta yi aiki. Janareta na naira miliyan 4 da aka ba shekara 5, darajarsa na raguwa da naira 800,000 duk shekara. Kamfani kan kuma kafa iyakar farashi, abin da bai kai ta ba, sai a rubuta shi a kuɗin kashewa, don kada rajista ta cika da almakashi da kwandon shara.

Wani kuskure mai cin kuɗi yana wajen sola. Sai a shigar da faranti, inbata da batura a layi ɗaya, alhali faranti kan haura shekara 20, batura kuwa 'yan shekaru suke yi, zafin Maris da Afrilu na ƙara rage musu kwana. Ranar da baturan suka mutu, manhaja na nuna su da daraja, kuma ba a tanadi kuɗin sauya su ba. Daidai shi ne kowanne ya samu layinsa da shekarunsa.

Na'urar POS da banki ya ba shago aro ba ta shiga kadarori, domin ba mallakar shagon ba ce. Ana rubuta ta a jerin kayan amana.